Kyamara a Kunnen Ɗana

Ni ne wawan labarin nan, na yarda. Da sanƙarau ya kurumtar da ɗana har ya ajiye keken haya, likita ya ce a kai shi Abuja a dasa masa na'urar ji. Wai siririyar kyamara za a zura a leƙa cikin kunnen lokacin aikin.

Nan na tsuke fuska. Ni da na yi aji huɗu, ai na san kunne maƙwabcin ƙwaƙwalwa ne. Na ce ban yarda ba, kada sirrin gidana ya bazu a wayoyin mutane.

Uwarsa ta ce, "Malam, wane sirri? Wanda kake rabawa kullum a teburin mai shayi? Duk Tunga yaron nan kaɗai ya rage bai ji ba."