Shagon da Ke Jikin Katangarmu

A Argungu aka haife ni, a gidan ƙasa mai zaure biyu da rumbu a tsakar gida. Ƙofarmu ba a rufe ta da rana. Duk wanda zai wuce bakin gulbi sai ya leƙo ya gai da Inna, wani ma ya zauna ya sha fura. Da aure ya kai ni Birnin Kebbi muka daɗe a gidan haya, har Allah ya hore wa maigidana fuloti a wata sabuwar unguwa ta hanyar Ambursa, inda a da gonakin gero ne.

Ranar da ya kai ni ganin wurin na tsaya ina kallon gidajen da suka riga mu. Kowane da doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, rufin kwano ya yi tsini sama kamar malafa, wani shuɗi wani ja. Ba zaure ko ɗaya. Sun yi kyau ƙwarai, amma ko kukan akuya ban ji ba.

Maigida irin wannan ginin yake so, har da wurin ajiye mota, alhali babur gare shi. Surukina kuwa da ya zo daga Gulma ya zagaya harsashin da sandarsa, ya tsaya ya dubi ɗansa.

"To ina baƙo za shi zamna?"

"A falo, Baba."

"Baƙo har cikin ɗaki? Wanga gida ne ko asibiti?"

Ni dai ina gefe na sunkuyar da kai ina danne dariya. Da muka koma gida na ce wa maigida a fitar da ɗaki ɗaya a jikin katanga mai ƙofa ta waje, a yi masa rumfa da dakali. Baba ya samu wurin zama, ni kuma in samu shago, don na daɗe ina sha'awar sana'a. Haka aka yi, kuma kowannensu ya ɗauka shi ya yi nasara.

Da muka tare na cika kanta da irin kayan da nake ganin sun dace da masu rufi mai tsini: madarar gwangwani, biskit, taliya, lemun kwalba, sabulu mai ƙamshi. Na share, na yayyafa ruwa, na zauna. Da safe ƙofofin ƙarfe su buɗe, motoci su fito su nufi gari. Da la'asar su dawo da ledoji cike a baya, ƙofofin su rufe. Wasu su ɗago mini hannu ta gilashi. Masu sayen kayana sai magina, su ma ruwan leda ne da ƙullin sukari. Biskit ɗin nan 'ya'yana suka cinye shi sannu a hankali, ina gani ina yi kamar ban gani ba. Wani maƙwabci da ya gina shaguna jere a gaban gidansa ya gaji ya mai da su ma'ajiyar siminti. Maigida ya fara cewa ko mu ma mu toshe ƙofar waje mu mai da shi ɗakin baƙi.

Sai damina ta faɗi. Hanyar unguwar ba kwalta, kuma ashe tsohuwar hanyar ruwa aka yanka fulotai a kai. Bayan wani ruwa mai ƙarfi sai kwari ya buɗe tsakaninmu da babban titi. Mota ba ta fita, ɗan kabu-kabu ma sai ya sauke mutum ya tura babur.

Da hantsi ina zaune sai ga matar gidan da ke kallon namu, wata Hajiya ma'aikaciyar jinya, ta tsallako tana tattare zane saboda taɓo. Mun shekara muna kallon ƙofar juna ba mu taɓa zama ba. Ta dubi kanta sama da ƙasa.

"Maƙwabciya, ba ki da daddawa?"

Na ce babu a shago, amma akwai a ɗakin girkina. Na shiga na ɗebo mata, na haɗo da kuka da ɗan kifin banda cikin wanda Inna take aiko mini. Ta kai shi hanci ta lumshe ido.

"Wanga na gulbi ne. Ina kika samo shi?"

Na ce daga gidanmu. Sai ga shi ita ma 'yar wajenmu ce, daga Augie kusa da Argungu, mahaifinta masunci kamar nawa. Muka zauna a dakali muna ta lissafo dangi, har tukunyar da ta bari a wuta ta kusa ƙonewa.

Kafin azahar labari ya zaga. Mata suka yi ta fitowa daga bayan katangun nan, wata na neman albasa, wata tarugu, wata manja. Na ƙarar da abin da ke ɗakin girkina kakaf, ranar mu kanmu taliya muka ci da mai da yaji. Amma ban taɓa jin daɗin wuni a unguwar kamar ranar ba. Rumfar ta cika da hira. Muka gano mai ciki, da mai jinyar uwa, da amaryar da ba ta san kowa ba tana ta kuka a ɗaki ita kaɗai. Mazan kuma da suka rasa hanyar ofis suka taru suna cike kwarin da ɓaraguzan bulo, har suka yanke shawarar gina masallaci.

Na kira Inna na ba ta labari. Ta yi dariya har da tari.

"Ke ɗiyar masunta, kin tai birni kina saida biskit! Bari in aiko miki da abin da mutane ka ci."

Tun daga nan motar Argungu take sauke mini kwali a bakin titi: kifin tarwaɗa da karfasa na banda, shinkafa 'yar gida, albasa, busasshiyar kuɓewa. Ban daina ajiye madara da sabulu ba, har ma suka fara tafiya, don wadda ta zo sayen kifi takan tuna ba ta da sabulu. Da hanya ta gyaru na yi zaton matan unguwa za su koma cefane a gari. Sun koma don manyan sayayya, amma cefanen miya ya tsaya a wurina.

Unguwa ta ci gaba da cika. Aka zo ana gina ƙananan gidajen haya masu ɗaki da falo, ɗalibai da sababbin ma'aurata suka shigo, su kuwa a ƙafa suke yawo. Maƙwabcin nan ya kwashe simintinsa, tela ya kama shago ɗaya, mai injin markaɗe ya kama na kusa da shi. Wata ta buɗe shagon kayan miya a layin baya. Da farko abin ya ɗan sosa mini rai, daga baya muka koma aika wa juna masu saye in ɗaya ta rasa abu.

Kwanan baya na dawo daga babbar kasuwa a keke napep, ni da wata matashiya da ban sani ba. Mai keke ya tambaye ta inda za ta sauka.

"Sabuwar unguwa, daidai wurin mai kifi."

Bai nemi ƙarin kwatance ba, ya kama hanya. Na gyara mayafi na tambaye ta ko kifin matar yana da kyau.

"Wallahi Mama yana da kyau, sai dai an ce ta cika surutu. In kin shiga ba ki fita da wuri."

Muka sauka tare. Ta ga na ciro makulli na nufi ƙofar shagon, ta rufe baki da hannu biyu. Na yi dariya har da hawaye, na jawo ta na zaunar, na zaɓo mata tarwaɗa mai kyau. Sai da aka kira la'asar ta tafi.