Suwaitar Yaya Bello

Ranar wata Laraba a farkon Disamba, shekarar da nake aji biyar, Goggo Asabe ta dawo daga kasuwa da wata tsohuwar suwaita ta gwanjo, ruwan toka, mai girman da mutum biyu za su shiga. Goggo yayar babanmu ce, tun rasuwar mijinta take zaune da mu a gidanmu na bayan Hubbare. Ko mayafi ba ta cire ba ta tsinko zare daga hannun rigar, ta kai bakin murhu ta ƙona. Sai wari ya tashi irin na babbakar kan rago. Ta murje tokar da yatsa, ta ce wannan ulu ne na gaske, gashin tunkiya, don na roba narkewa yake kamar leda.

Ɗanta guda ne, Yaya Bello, ya samu karatu a Jos, tafiya saura wata ɗaya. An ba Goggo labarin sanyin garin har ya hana ta sakat, ga shi ɗan nata tun yana ƙarami ɗari kaɗan ke kama masa ƙirji. Ta rantse ba zai tafi ba sai da rigar da ta saƙa da hannunta. Matsalar ita ce idanunta. Yanar ido ta fara rufe su, likita ya ce ta bar saƙa, ita kuwa ta ce wannan ce ta ƙarshe, in ta gama ta ajiye kibiyoyinta na saƙa.

Ni aka ɗora wa riƙon zare, kuma wallahi ba a taɓa ba ni aikin da na tsana kamarsa ba. Ni da ko a aji malami ya gaji da cewa in zauna! Da na dawo makaranta, na yi wanke-wanke na ɗebo ruwa, sai in miƙa hannuwa biyu Goggo ta yi ta warware tsohuwar rigar tana naɗa mini. Zaren yakan fito a murɗe, sai mun riƙe shi a kan tururin tukunya ya miƙe, sannan a dunƙule shi. Ina jin ƙawayena a waje suna 'yar gala-gala, ƙafata na ta rawa, in ce fitsari nake ji, in ce Inna na kira. Goggo ba ta ko ɗaga kai. "Ke Dije, zauna wuri guda, zaren ga ba ya son gaggawa." Haka take faɗa kullum, ni kuwa in yi ta zumɓura baki.

Da rana tsaka take saƙar, a tsakar gida inda haske ya fi yawa, ta kai aikin dab da hancinta. In ta ɓata layi ba ta gani, da yatsa take lalubowa, ta warware ta sake. Wani lokaci hawaye na zuba don zafin ido, ta share da gefen zane ta ci gaba. Kullum sai ta tambaye ni kwana nawa ya rage, ta kira Yaya Bello ta gwada masa a baya, ta ce ya daina motsi. Gidan duka ya ɗauki wannan rashin natsuwa, har Baba in ya dawo daga rumfarsa ta hatsi, hannun riga yake fara tambaya kafin tuwo.

Ana saura kwana biyu ta gama. Ta ce rigar ta sha hannu da hayaƙi, gobe za ta wanke ta da kanta. Washegari da safe ta tafi gaisuwar rasuwa Dundaye. Na dubi rigar a kan igiya, na ce bari yau in yi abin yabo, ko a daina ce mini mai rawar kai. A gidanmu duk kayan gwanjo da tafasasshen ruwa ake wanke su, haka na taso na gani. Na tafasa ruwa, na zuba sabulu, na tsoma rigar na cuɗa iya ƙarfina, na murɗe, na sake cuɗawa. Tun a cikin baho na ji tana tauri a hannuna. Na ɗaga ta na duba. Ta tsuke ta cure, layin saƙar duk ya ɓace. Na ja, na taka da ƙafa na ja, na rataya mata dutsen niƙa ƙarami, ko gezau. Na yi ta zagaye tsakar gida har la'asar, na kasa ci, na kasa zama.

Da Goggo ta dawo ban jira an tona ni ba, na miƙa mata ina kuka. Ta shafa ta ciki da waje, ta nemi bakin zare ko za ta warwaru, babu. Inna ta ɗauko muciya, Goggo ta tare ta. Ta ce in ɗaga hannuwa, ta zura mini rigar, ta gyara wuyan, ta zauna mini cif.

"Ashe ke nika saƙa ma tun hwarko," in ji ta.

Da duka ta yi mini da ya fi mini sauƙi. Yaya Bello ya tafi da bargon Baba da wata rigar roba da aka saya a gurguje. Goggo ba ta ƙara riƙe kibiya ba, kafin damina idon ya rufe. Shekara uku ina sa rigar nan duk ɗari, don in ta ji motsina sai ta miƙo hannu ta taɓa ta ji ko na sa.

Yanzu zare ya cika shaguna, kala-kala, yawanci an gauraya ulun da roba, ko a injin wanki aka jefa ba abin da zai same shi. Nakan saya in saƙa wa jikokina, in gama hula a yini biyu, ba wanda ya ƙirga kwana. Yaya Bello ya yi furfura, ya ce shi bai ma tuna sanyin Jos ba. Ni ce dai har yau na kasa yafe wa yarinyar nan da ta tafasa ruwan.