Ɗigon da Kiyashi Suka Ƙi

A layinmu ana cewa 'yar gwaggona tana kiwon aljani a ƙarƙashin mota. Wai kullum da safe sai ta fito ta durƙusa ta gaishe shi a gindin kowace taya, ta canza masa kwalin da yake kwana a kai, sannan ta buɗe bonet ta leƙa ko ya karya kumallo. Mai sayar da gawayi ta rantse ta taɓa jin ya amsa gaisuwar da muryar tsoho mai mura. Na san labarin nan ciki da waje, don ni na ƙirƙiro shi a shagona na gyaran waya, wata rana da babu wuta kuma hira ta ƙare.

Babu wani aljani. Tuƙi take koya, tana da shekara arba'in da shida.

Tela ce. Shagonta shi ne ɗakin da ke bakin ƙofar gidansu: keken ɗinki biyu, tef a wuya, shuɗin alli a aljihu. Tun muna yara na sa mata Sufeto, don ko ƙwai aka aike ta saye sai ta ɗaga kowanne ta haska shi a rana. Ita kuma Rediyo take ce mini, wai ni ba a kashe ni sai dai batir ya ƙare. Ita ta goye ni, kuma har yau tana cewa bakina ya riga ƙafafuna fara tafiya. In ta kalli kafaɗarka sau ɗaya ta san awonka, in ka yi mata ƙarya sau ɗaya ta san awon wannan ma.

Mijinta, wanda muke kira Hedimasta duk da ya yi ritaya shekara shida, ƙodarsa ta daina aiki. Litinin da Juma'a sai an kai shi asibiti an yi masa wankin ƙoda, awa huɗu a jikin na'ura. Ya taɓa tsallake rana ɗaya. Ƙafafunsa suka kumbura har silifa ya ƙi shiga, numfashinsa ya riƙa ƙara kamar ana jan buhu a kan siminti. Ranar ban tsokani kowa ba. Asibitin yana ƙarshen gari, kuma in an gama wankin ba ya iya zama a bayan babur, ba ya iya tsayuwa jiran motar haya. 'Ya'yansu biyu suna aiki a wani gari. Ni kuwa ko keke sai da addu'a.

Mai kai shi shi ne maƙwabcinsu, Baba Direba, wanda ya yi shekara talatin yana jan babbar mota. Shi ya tashi tsohuwar motar Hedimasta bayan ta shekara a ajiye ƙarƙashin rumfa. To shi ma yanar ido ta fara rufe masa gani. Likita ya sa za a yi masa aiki nan da wata biyu, ya kuma ce ya manta da sitiyari sai bayan watanni. Ke nan kafin lokacin dole wani a gidan ya riƙe lasisi, kuma ba wanda ya rage sai Sufeto.

Sati biyu Baba bai bari ta taɓa makulli ba. Zagaye motar kawai take yi.

"Mai jarrabawa zai tambaye ki waɗannan abubuwa," in ji shi, "amma ba don shi nake koya miki ba."

Ta koyi duba taya: iska, ƙusa, tsagewa a gefe, da ko zanen ya suɗe. Ta koyi zaro tsinken bakin mai ta goge, ta mayar, ta sake zarowa ta karanta. Ta koyi kada ta kuskura ta buɗe murfin lagireto in inji na da zafi. Madubi uku, bel, hon, abin goge gilashi. Wajen fitilu ni aka ɗauka aiki ba albashi: in tsaya a bayan mota ina faɗin "dama ta kama, hagu ta kama, ja ya kama," kamar mai sanarwa a tasha.

Sai man birki. Yana cikin wata ƙaramar farar roba a cikin inji, can kusa da gilashi. Layukan da ke nuna iyakarsa tsufa ya goge su. Sufeto ta zaro allinta ta ja layi daidai inda man ya tsaya, kamar za ta yanka wuyan riga. Kwalin kuma dabarar Baba ce: a shimfiɗa shi a ƙarƙashin mota da yamma, a jawo shi da safe a duba. In wani abu na ɗiga, kwali zai nuna mene ne, kuma daga wane gefe.

Ya kamata in faɗa muku yadda layinmu yake. Gangara ce. Daga ƙofar gidansu ƙasa take zubewa miƙe har babban titi, inda tireloli ke wucewa ba tare da sun san akwai mu ba. Babu fitilar ba da hannu. A kusurwar akwai wata katanga da aka yi wa faci sau uku, kowane faci da launinsa. Ba wanda ke zancenta, amma kowa na kallonta in zai wuce.

Yanzu ga laifina.

Kullum da safe nakan biya gidan da kofin shayina, ba madara, sukari cokali huɗu. Wata rana, kafin ta fito, na ɗiga cokali ɗaya a kan kwalin na mayar. Launinsa sak na man birki. Sufeto ta gani, ta rufe shago, ta sallami mai jiran ɗinki, ta kira bakanike. Mutumin ya kwanta ƙarƙashin mota awa guda bai ga komai ba. Kafin ya fito, kiyashi sun yi layi a kan ɗigon kamar ana rabon wani abu. Ta dubi kiyashin, ta dubi kofina. Ban san tela na iya jifa da silifa daga nesa haka ba.

Da na tsaya a nan, da ya yi kyau. Amma Hedimasta ya yi dariya ranar har sai da tari ya sarƙe shi, kuma rabon da a ji dariyarsa an yi watanni. Sai na ƙara, sau biyu. A na uku ko sunkuyawa ba ta yi ba.

"Ka gaishe da baƙinka," ta ce, ta wuce shago.

Ranar jarrabawa Alhamis ce, ƙarfe tara, saura kwana goma sha bakwai a yi wa Baba aiki. Wanda ya makara sai bayan sati biyu. Bakwai da rabi Hedimasta ya riga ya zauna a kujerar baya cikin rigarsa ta zuwa taro, wai sai ya ga ɗalibarsa ta ƙarshe ta ci jarrabawa. Baba yana gaba. Ni ma na zo da kofina, an yi mini alkawarin gefen taga.

Sufeto ta zagaya tayoyi. Na faɗi fitilu. Ta jawo kwali.

Ɗigo ɗaya, kamar maɓallin riga, a kusurwar da ke wajen tayar baya ta hagu.

Duk suka juyo kaina.

"Rediyo, yau ma?" in ji Hedimasta ta taga. "Yau ɗin ma ba za ka bar ta ba?"

"Wallahi ba ni ba ne."

"Haka ka ce wancan karon, har da dafa kai," in ji Baba. Ya karɓi kwalin ya kawo shi dab da hancinsa, ya ƙanƙance ido. "Shayi ne. 'Yata, shiga mu tafi. Mai jarrabawar nan tara da minti ɗaya yake rufe littafi."

Ban taɓa faɗin gaskiya ta fito mini kamar ƙarya irin ta ranar ba. Ni kaina da na ji muryata ban yarda da ita ba.

Sufeto ta miƙa wa Baba hannu. Ta ɗauki kwalin ta ajiye a gindin bango, inda kiyashi ke da hanyarsu. Ta tsuguna. Muna kallo suka hau kwalin, suka zo bakin ɗigon, suka tsaya, suka kauce suka zagaye shi.

"Cokali nawa ka zuba yau?" ta tambaye ni, ba ta ɗago ba.

"Huɗu, Yaya." Ba na ce mata Yaya sai ina jin tsoro.

Ta zari cokalin daga kofina ta ɗiga ɗaya a gefen wancan. Kafin a ƙirga ashirin sun baƙanta shi. Ɗayan yana nan shi kaɗai, yana sheƙi.

Ta taɓa shi ta murza a yatsa. Santsi, kuma bai bushe ba. Ta buɗe bonet. Layin allin yana inda ta ja shi, man kuwa ya sauka ƙasa da shi faɗin yatsa guda.

"Wataƙila motar ce ta karkace a ajiye," in ji Baba, amma a hankali ya faɗa.

Ta shiga ta zauna, ba ta tayar da inji ba. Ta taka birki ta riƙe, yadda ya koya mata. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallon ƙafarta. Da farko ta tsaya. Sai ta ci gaba da sauka, sannu sannu, kamar ta taka jiƙaƙƙen yashi, har ta taɓa ƙasa. Daidai lokacin wata tirela ta wuce a ƙasan layi da dogon hon, gilashin motar ya ɗan yi rawa.

Baba ya zagayo ya taka da kansa. Ƙafarsa ma ta sauka har ƙasa. Sannan ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Jiya da la'asar muka sauko gangarar nan da ita," ya ce.

Hedimasta ya duba agogo. "Mu je a hankali mana. Ba akwai birkin hannu ba? In kika rasa yau, dama ɗaya ta rage miki."

"Malam, fito."

"Sati biyu fa. In wancan ma bai yiwu ba, wa zai kai ni?"

"Na sani. Fito."

Ta zare makullin ta jefa a aljihun da take ajiye alli. Shekara ashirin da biyar ba a taɓa jin ta ce wa mijinta abu ɗaya sau biyu ba. Ya fito, na riƙe masa hannu.

Bakanike ya iso ƙarfe goma, yana ganina ya ce in shayi ne yau sai ya kwantar da ni a ƙarƙashin motar ya sauke jak. Ya cire tayar baya. Tiyon da ke kai mai ga birki ya tsage, ɓera ya fara, tsufa ya ƙarasa. Ya danna wurin da babban yatsa, ya buɗe kamar baki.

"Saura taku biyu ko uku masu ƙarfi," ya ce. Ya juya ya dubi ƙasan layi. Bai ƙarasa ba, kuma ba wanda ya ce ya ƙarasa.

Sati biyun nan su ne mafi tsawo da na taɓa gani. An gyara mota, amma idon Baba kullum ƙara rufewa yake. Litinin da Juma'a shi ke riƙe da sitiyari, ita ke gefensa tana faɗa masa akwai babur a dama, akwai rami, wancan mutum ne ba turke ba. Ta daina karɓar sabon ɗinki. Ni na daina shigar da kofi gidan.

Ta koma jarrabawa saura kwana uku a yi wa Baba aiki. Ban je ba, ba a gayyace ni ba. An ce mai jarrabawar rabonsa da murmushi tun ranar sunansa. Ya ce ta buɗe bonet ta nuna masa man birki. Ya ga shuɗin layi.

"Wa ya ja wannan?"

"Ni."

Ya kalle ta, ya rubuta wani abu. Wajen ja da baya ta kusa taɓa sanda, saura faɗin zare, inji ya mutu mata sau ɗaya. Amma ta dawo da takarda. Hedimasta ya karanta ta sau uku yana neman kuskuren rubutu.

Yanzu ita ke kai shi. Gudun da take yi, kaza mai ɗingishi ta taɓa wuce ta a gangara har ta waiwayo. Kwalin yana nan, allin yana nan. Ni kuwa in na zo kusurwar nan sai in ga ina ƙirga facin katanga, in ga har yanzu uku ne, sannan in wuce.

Jiya da safe na same ta tsugune a gindin taya, na ga tsoro ya isa haka.

"Sufeto, ya mutumin naki ya kwana? An ba shi kumallo?"

Ta gama duba tayar tukuna. Ta miƙe, ta kaɗe zaninta, ta dube ni daga kafaɗa zuwa ƙafa kamar mai ɗaukar awo.

"Lafiya lau. Ya ce in tuna maka, ranar nan ka rantse da Allah a gaban mutum uku ba wanda ya yarda, sai da aka kira kiyashi suka yi maka shaida. Ba don su ba, da wani telan ne ya yanka maka farin yadi, kuma shi ba ya tambayar faɗin wuya. Koma baya ka faɗa mini fitilu."