Zaren Awon Inde

Inde ba haifaffiyar Madarunfa ba ce. Daga wani ƙauye na wajen Gabi aka kawo ta aure gidan Ɗan Azumi masunci, can gefen gari inda ake jin ƙarnin tabki in iska ta juyo. Iyayenta Anna ne, masu bin al'adar kaka da kakanni. A gidan miji ta koyi salla, kuma ta riƙe ta hannu biyu. Doguwa ce marar yawan magana, yatsunta kullum fari fat da allin kaɗi.

Kaɗi da saƙar majanyi ba su bambanta ta da kowa ba, don kusan kowace mace ta iya su a wancan zamani. Hular jarirai ce ta fito da sunanta. Tun tana amarya takan zauna tana kallon mijinta yana ɗinke komarsa ta kamun kifi, yana zura zare cikin ido yana fito da wani idon. Wata rana ta feƙe ɗan ƙashi ta yi masa ƙugiya a baki, ta ɗauki zare mai laushi ta gwada. Sai da ta yi damina biyu tana saƙawa tana warwarewa kafin ta sami hular da ke zama daram a kan jariri ba ta matse shi ba.

Ba ta yarda da awon ido. In aka kawo mata yaro, sai ta tsinko zare ta zagaya kansa ta saman kunnuwa, ta yi ƙulli. Ta ɗauko daga kunne zuwa kunne, ta yi na biyu. Ta ɗauko daga goshi zuwa ƙeya, ta yi na uku. A wajen saƙa kuma takan bar sararin yatsa guda a tsakiyar kai, saboda maɗiga. Kowane zare da alamar da ta yi masa a wutsiya, wani da shuɗi, wani da ja, wani da ɗan gashin zabo, kuma ba ta taɓa rikita na wani da na wani ba. Cikin wata ƙwarya mai faifai take tara su.

Mata sukan zo har daga garin Safo su ari awonta su je su kwaikwaya. Wata rana ɗaya daga cikinsu ta dawo tana yaba wadda ta kwaikwaya, da ɗanta a goye sanye da hular. Inde ta zare hular, ta ga sawun zare ya kwanta ja a goshin yaron. Ta kama bakin zaren ta warware hular kaf a gaban mai ita.

"Kin rage rabin yatsa," in ji ta. "Shi ba ya da bakin da zai gaya miki. Zauna mu sake."

Bayan shekarar da annoba ta share shanu, wajen 1892 ke nan, baƙon dauro ya shigo garin da bazara. A unguwarsu kaɗai ya ɗauke yara bakwai waɗanda Inde ta auna da hannunta. Cikinsu har da autarta Mariama, mai wata goma, wadda ta haifa bayan ta fid da rai da haihuwa, yayyenta maza duk sun girma. Akwai kuma Lawali, ɗan farin Kulu, wata yarinyar mace da danga kawai ta raba gidajensu. Inde ta tsince zaren yaran bakwai daga cikin ƙwaryar, ta zuba su cikin wani ɗan gora, ta toshe bakinsa da tsumma, ta rataye a bayan ƙofa.

Sai da kaka ta zagayo sau biyu sannan ta taɓa goran. Da hantsi ne, ana ta sussuka a gidaje. Ta fito da zaren Mariama don ta riƙe shi kawai, kuma da yake hannunta ya saba, ta shimfiɗa shi bisa tafinta. Ta san awon nan kamar sunanta, taƙi biyu da yatsa biyu zuwa ƙullin farko. Ta samu taƙi biyu da yatsa huɗu.

Ta ɗauko hular yarinyar da ta adana, ta zagaya zaren a bakinta. Zare ya wuce hula. Ta duba ƙullin, nata ne, a ɗaure tamau yadda ta bar shi. Ta ce ko laima ce ta sake zaren, ta shanya shi a rana har la'asar, bai koma ba. Ta zazzage sauran shidan, kowanne ya ƙaru. Ta koma cikin ƙwarya ta gwada tsofaffin zarurrukan yaran da ke raye, waɗanda ta kaɗa da auduga ɗaya a shekara ɗaya. Ko ɗaya bai motsa ba.

Akwai wata yarinya a unguwar da aka haifa mako ɗaya da Mariama. Washegari Inde ta kira ta da ɗan ƙuli-ƙuli, ta zagaya zaren marigayiyar a kanta. Ƙullin ya sauka daidai inda bakin zaren ya tsaya. Yarinyar ta ɗaga kafaɗa ta ce zaren da sanyi, ta ruga.

Ta gaya wa mijinta. Ɗan Azumi ya daɗe yana kallon goran bai taɓa shi ba.

"Ki ba ni in jefa shi tsakiyar ruwa," ya ce. "Kuma kada kowa ya ji."

Ranar kasuwa yayanta Kanta ya zo daga Gabi, ta nuna masa. Shi bai yi mamaki ba, abin da ya fi tsorata ta ke nan. Ya ce kada a kai su ruwa, kada a sa su wuta.

"Duk inda suke, ana ba su abinci," ya ce. "Ke dai bar su."

Ta mayar da goran bayan ƙofa. Ta yi niyyar rufe bakinta, kuma da ta rufe, ba don Kulu ta shigo wata rana ta roƙi zaren ɗanta ba. Kulu ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne. Ta ce tana son ta haɗa shi da hularsa ta ajiye. Inde ta rasa dalilin hanawa, ta ba ta. Ba a jima ba sai ga Kulu ta dawo, hula a hannu ɗaya, zare a ɗaya.

"Inna, wannan ba na yaron ba ne."

"Nashi ne, ɗiyata."

"Ya fi hular tsawo."

"Na sani."

Kulu ta zauna a ƙasa. Inde ta faɗa mata duk abin da ta gani, ba ta ƙara ba ta rage ba. Tana jiran kuka ko ihu, sai ta ga fuskar Kulu ta washe.

"Ashe girma yake," ta ce a hankali. "Inna, to ai waccan ta yi mashi kaɗan. Ki saƙa mashi wata."

Inde ta ƙi, ta sake ƙi. Kulu ta yi ta zuwa kullum tana zama bakin ƙofa, har ranar da Inde ta ɗauki ƙugiya. Ta saƙa hular bisa sabon awo, fara mai bakin shuɗi. Kulu ta kai ta wata tsohuwar kanya da ke bakin tabki, kusa da inda mata ke wanki, ta saƙale a reshe. Kwana uku tana nan tana lilo. Ranar na huɗu babu ita. Inde ta ce iska ce, ko tsuntsu mai neman kayan sheƙa.

Da shekara ta zagayo, zaren Lawali ya ƙara rabin yatsa. Aka saƙa sabuwa, kuma a wannan karon Kulu ta matsa sai Inde ta raka ta. Rana tsaka suka je, mata na ta bugun wanki, masunta na jan taru can nesa. A reshen nan suka tarar da hular bara a rataye. Ta koɗe, bakinta ya buɗe kamar yadda hula ke yi in kai ya cika ta. Inde ta juya cikin hular. Akwai maiƙon kai, akwai ƴan gasu ƙanana a maƙale cikin idon saƙar, kuma a jiƙe take, alhali an yi wata biyu ba a ga hadari ba. Saƙarta ce, ta gane inda ta haɗa zare a ƙeya.

Kulu ta karɓa ta shinshina, ta cusa cikin zanenta, ta rataye sabuwar. Da suka kama hanyar gida har waƙa take yi ƙasa-ƙasa. Inde kuwa ba ta iya cin tuwo ba ranar.

Ita ba ta taɓa saƙa wa Mariama sabuwa ba. Tana son ta yi, tsoro ya hana ta. Ba ta san abin da za ta yi ba in aka maido mata da hular. Iyakarta ta auna zaren sau ɗaya a shekara, bayan an cika rumbuna, ta san yarinyar ta ƙaru, ta toshe gora.

A shekara ta huɗu ta auna zarurruka bakwai. Shida sun ƙaru. Na Lawali yana nan inda yake bara. Ta auna da tafi, ta auna da kara, ta auna da zaren da ta yi wa hular bara. Ko ƙwayar gero bai ƙaru ba.

Ɗan Azumi ya ce, "Ki ƙara rabin yatsa ki saƙa mata. Wa zai sani? Yarinyar nan da wannan take rayuwa."

"In ta yi mashi yawa fa?" in ji Inde.

Ya dube ta, ya ɗauki komarsa ya fita.

Kulu ta zo da audugarta a faifai, ta gurje ta shiɓe da kanta. Inde ta shimfiɗa zaren a tabarma, ta ajiye na bara kusa da shi. Kulu ta dube su ta sake dubawa.

"Inna, ko kin yi kuskure?"

"Sau tara na auna."

"To mene ne ke nan? Ba ya da lafiya? Ko ya sake..."

"Ban sani ba, ɗiyata. Ni awo kawai na sani."

Kulu ta tashi ta nufi kanya, Inde na biye da ita daga nesa. Reshen wayam, ba a maido da komai ba. Kulu ta yi mako tana zuwa safe da yamma. Daga nan ta kwanta. Wannan makokin ya fi na farko tsanani, don babu mai zuwa yi mata gaisuwa, mijinta ma bai san abin da take wa kuka ba. Ta daina shiga gidan Inde. In sun haɗu a rijiya sai ta kau da kai. Inde ta sha zama da ƙugiya a hannu ba ta saƙa komai, tana tambayar kanta ko da ta bi maganar maigidan. Har ta mutu ba ta ce ta yi daidai ba, ba ta kuma ce ta yi kuskure ba.

Kafin shuka ta fito aka lura Kulu na da ciki, bayan shekara biyar ba ko ɓari. Da Kanta ya ji, ya ƙirga watanni a yatsunsa, ya koma baya har zuwa kaka, ya ce, "To, ga inda ya tafi." Inde ta ce ya yi wa Allah ya yi shiru. Amma maganar ta riga ta tsallaka danga.

Namiji aka haifa, aka sa masa Audu. Ranar suna Inde ta shiga barka, karo na farko da ta taka gidan tun ranar nan. Kulu ta karɓe ta da fara'a, ta miƙa mata jaririn. Yaron ya buɗe ido ya tsura mata, bai ƙifta ba, irin kallon da ake wa wanda aka sani. Inde ta zaro zare daga ƙugunta kamar yadda ta saba. Kulu ta ɗora tafinta bisa kan yaron.

"A'a, Inna. Wannan ba za a auna shi ba."

Inde ta naɗe zarenta ta ce, "Kin yi gaskiya."

Da ta koma gida ta sauko da goran, ta zauna a inuwar rumbu, ta shiga kwance ƙulli da bakin ƙaya. Na yara shida ba su ba ta wuya ba. Na Mariama ta ajiye ƙarshe, ta yini a kansa, ba don ya fi sauran tauri ba. Da ta gama ta haɗa zarurrukan ta binne a bayan ɗaki. Daga ranar ta daina ajiye awo. In ta auna yaro ta gama hularsa, a gaban uwar take kwance ƙullin. Matan Safo suka yi ta ƙorafi, don babu sauran abin aro, dole mai son koyo ta zo ta zauna ta koyi aunawa da kanta. Uku daga cikinsu sun iya sosai.

Inde ta rasu da damina, shekara guda kafin a fara jin labarin Nasara, wato Turawa, a ƙasar, bayan zazzaɓin kwana biyar. Kulu na cikin matan da suka yi mata wanka.

Audu ya tashi kansa a buɗe, rana da sanyi, har aka laƙaba masa Audu Ba-Hula. Ya yi noma a wajen garin Sarkin Yamma, ya tsufa ƙwarai, ya ga jikokin jikoki. Mutum ne mai raha, sai dai bai taɓa yarda ya shiga jirgin masunta ba. In an tambaye shi dalili, yakan ce ya san abin da ke ƙasan ruwan, ya yi dariya, ya kawo wata hira.