Taku Bakwai Tsakanin Rijiya da Salga

Ni mutum ne mai bin abu daki-daki. Shekara talatin na yi ina tsaron sito a wata ma'aikata a nan Bauchi, kuma a can na koyi cewa kowane abu da mazauninsa, kowane aiki da lokacinsa. Da wannan hali na riƙe gidana na Fadaman Mada. Duk wata nakan ware wani abu daga albashi saboda gyaran gida, ba na taɓa shi ko da sallah. Kowace shekara, kafin ruwan farko ya sauka, nakan hau rufi in duba kwano, in danne ƙusar da ta ɗago. Daga nan in share indararo da kwata. Sai in bi katanga in toshe tsaga. Aiki na ƙarshe, wanda ban taɓa tsallakewa ba, shi ne yashe rijiya.

Rijiyar nan na haƙa ta tun kafin in ɗora bulo ɗaya. A lokacin unguwar ba ta cika ba. Ni da maƙwabcina na gabas, wani Alhaji mai sayar da yadi a kasuwa, shekara ɗaya muka sayi filayenmu. Muka zauna a kan tabarma muka yanke magana uku. Rijiya za ta zama a gidana, kusa da katangar da ta raba mu, gida biyu su sha. Za a bar ƙaramar ƙofa a katangar saboda mata. Salga kuwa, kowa ya kai tasa can ƙarshen filinsa, nesa da ruwa. Muka shafa fatiha muka tashi. Ba mu rubuta ba. Ni da ba na fitar da ko tsintsiya daga sito sai an sa hannu, a nan na ga rubutu zai zama rashin kunya.

Shekara ashirin da biyu muna shan ruwa ɗaya. Da wannan ruwa aka yi wankan jegon matarsa sau shida. Kullum bayan la'asar yakan shigo zaurena, ya ɗebi ruwan randa a moɗa, ya sha, ya ce ruwan Malam ya fi na firji.

Sai 'yarmu ta haihu a Gombe. Na kai uwarta, na zauna mako uku. Makullin gidana a hannun Alhaji na bar shi, kamar kullum. Da na dawo na tarar ya fara ɗora ɗakuna uku na haya kusa da katangarmu. Na yi masa Allah ya sanya alheri. Ban tambayi inda masu haya za su kewaya ba. A zuciyata maganar salga an gama ta tun a kan tabarma.

Mai ɗakina ce ta fara lura, bayan ta dawo.

"Malam, mutanen gidan Alhaji fa sun daina shigowa ɗibar ruwa."

"Kun yi faɗa ne?"

"Faɗan me? Hajiya ta ce jan guga yana tayar mata da ciwon baya. Yanzu 'yan garuwa ke kawo musu."

Na ce to, kuɗi ya zo, baya ya fara ciwo. Muka yi dariya.

Bayan wannan, Alhaji ya daina taɓa randata. Yakan shigo da ruwan leda a aljihun rigarsa. Na ce masa, "Alhaji, an zama bature ke nan? Ruwan namu na talakawa ya yi kaɗan?" Ya yi dariya har da tafi, ya ce likita ne ya sa masa doka saboda ciki. Na yarda. Mutum ba ya binciken maganar wanda ya bar wa makulli.

Damina ta yi nisa, mai ɗakina ta kwanta. Zazzaɓi, ciwon ciki, ciwon kai mai sa ta rufe ido da rana. A asibiti aka ce taifot. Ta sha magani ta tashi. Wata bai cika ba ta koma. Ta sake tashi, ta sake komawa. A karo na uku sai da aka ba ta gado, aka sa mata ruwa. Wata ma'aikaciyar jinya ta tambaye ni wane ruwa muke sha a gida. Raina ya ɓaci. Na lissafa mata: rijiyata tana da murfin ƙarfe da kwaɗo, bakinta an ɗaga shi da siminti har gwiwa, guga a ƙusa yake rataye ba ya taɓa ƙasa, kuma duk shekara ana yashe ta. Ta ce, "To Baba, Allah ya sawwaƙe," ta wuce gado na gaba.

Laifin sai na ɗora wa marar lafiya. Na ce ciye-ciyen gidan biki ne, da zoɓon da take saye a hanya. Na yi mata faɗa tana kwance, allura a hannunta. Wannan faɗa har yau yana damuna fiye da asarar rijiyar. Alhaji ya zo duba ta sau biyu, da lemo da ayaba a leda, ya yi mata addu'a mai tsawo. Da aka sallame ta, a gabansa na ɗebo ruwan randa na ba ta ta haɗiyi ƙwaya. Yana zaune. Ya ce Allah ya ƙara sauƙi.

Da ni ma cikina ya fara juyawa, sai na karya tsarina a karo na farko. Ban jira rani ba, na aika ƙauyen Miri aka kira tsohon da ya haƙa mini rijiyar, wanda shi ke yashe ta duk shekara. Aka kwashe ruwan, ya ɗaura igiya ya sauka. Bai daɗe ba ya girgiza igiyar a jawo shi. Ya fito yana tofar da yawu.

"Malam, wa ka ɓata wa rai?"

"Me ka gani, Baba?"

"Ba aikin ido ba ne, aikin hanci ne. Ta gabas wani baƙin ruwa yana tsattsafowa. Ina salgar maƙwabcinka?"

"Tana can ƙarshen gidansa. Ni na ga haƙarta."

"To, ta yi ƙafa ta tako. Kawo tsani."

Na jingina tsani a katanga na hau. A bayan sababbin ɗakunan, a wani lungu da ba a gani daga tsakar gidansa, ga sabon daɓen siminti, ga bututun iska a tsaye. Na sauko na auna da ƙafata. Daga bakin rijiya zuwa katanga taku uku. Na bi ta ƙaramar ƙofa. Daga katanga zuwa daɓen taku huɗu.

Ban je kasuwa na same shi ba, don ba na magana a gaban mutane. Na jira la'asar. Ya shigo zaure da sallama, ya zauna inda ya saba.

"Alhaji, tambaya uku zan yi maka. Ka amsa su bi da bi."

"Ikon Allah. Yau kuma kotu aka buɗe?"

"Ta farko. Ramin da ke bayan ɗakunan haya, na mene ne?"

Ya daina murmushi. "Na masu haya ne. Malam, magini ne ya ce ko'ina dutse ne, nan kaɗai ƙasa ke haƙuwa. Kuma dai cikin filina ne."

"Ta biyu. Yaushe aka haƙa?"

"Lokacin da kuke Gombe."

"Ta uku. Me ya hana gidanka shan ruwan rijiyata?"

Ya dubi tabarma. Ya gyara hularsa. Ya ce, "Wallahi kunya ce, Malam. Kullum in na shigo da niyyar faɗa maka, sai bakina ya yi nauyi. Na ce bari masu haya su biya na shekara, in sa a mayar da shi wani wuri, ba sai ka ji ba."

Na ce, "Haƙa ramin kuskure ne, ana yi. Da ka faɗa mini ranar da na dawo, da na rufe rijiya mun nemi dabara tare. Amma kai ka janye iyalinka, ka bar nawa. Wata bakwai kana shigowa nan da ruwanka a aljihu. A gabanka na ba mai ɗakina ruwan ta sha."

Na ce ya tashi, zan rufe zaure.

Magana ta je gaban mai unguwa. Aka ce maƙwabci ɗan'uwa ne, aka karanto mini haƙƙin maƙwabtaka kamar ni ne na taka shi. Alhaji ya yarda zai kwashe ramin ya cike. Aka ce in yafe, na ce na ji. Na tambayi tsohon Miri ko rijiyar za ta dawo. Ya ce ƙasar ta riga ta sha, shi ba zai ce ga shekarar da za ta amayar ba, kuma ko jikansa ba zai bari ya kurkure baki da ita ba.

Wasu suka ce in bar ta saboda wanki da ban-ruwan shuka. Na ƙi. Rijiya in tana buɗe, wata rana baƙo zai ja guga ya sha, ko yaro, ranar da ba na gida. Kuɗin da na tara don sauya kwanon ɗakin tsakiya, da su na sayi tifa biyu ta ƙasa da buhun siminti, sauran na sayi tankin roba.

Ranar cikewa Alhaji ya aiko da lebura biyu, ya ce shi zai biya su. Na sallame su daga bakin ƙofa. Ni da tsohon muka yi aikin. Muka fara zuba duwatsu, sannan tsakuwa, sannan jar ƙasa, muna dannawa. Mai ɗakina tana zaune a kujera 'yar tsuguno a bakin ɗaki, har lokacin ba ta mayar da jikinta ba. Da ƙasa ta kawo baki, tsohon ya miƙo mini cokalin gini ya ce, "Kai ka sa na buɗe ta, kai za ka rufe." Na shafe simintin da hannuna har ya yi sumul. Da na ɗago, sai ta ce in leƙa waje ko mai garuwa ya wuce, don babu ruwan da za a ɗora tuwo.