Kabar da Na So In Tumɓuke

Ba na jin zan taɓa manta damanata ta farko a aikin malamin gona. Ɗan Zango ne ni, na fito lakwal, wato makaranta, da ɗumina, aka tura ni wani ƙauye kusa da Dogo.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne gonakin mata. Na maza fes suke, amma na matan cike da kututturen kaba, wato ƙananan itatuwan goruba, gero na fama a tsakani. Na tambayi mai gari, ya ce in tambayi masu gonar. Na tambaye su, suka yi ta dariya. A lokacin na ɗauka rashin ƙarfi ne ya hana su sharewa, har na shirya kawo maza da gatura su tumɓuke musu, ina ganin taimako zan yi.

Wata dattijuwa mai riƙon jikoki huɗu ce ta tare ni a bakin gonarta. Ta saurari bayanina har ƙarshe, sannan ta ce, "Ɗana, ka bar gatarin nan sai bayan kaka. In ka dawo ka ga kabar ba ta da amfani, ni zan fara sara."

Na haƙura, ba don na yarda ba, sai don ina son in ga me take nufi.

A shekarar ruwa ya ɗauke gero yana fidda kai. Da na koma bayan kaka, rumbuna ko rabi ba su yi ba, maza da yawa sun tafi ci-rani. Na iske matan a gindin tsamiya, kaba jiƙe a ƙwarya, wannan na saƙa kwando, waccan na ɗinka faifai, hira ba ta tsaya ba. Ranar kasuwa su ɗora kayan a amalanke, su dawo da hatsi da man gyaɗa. Dattijuwar ta zaunar da ni, ta miƙo mini kaba ta ce in gwada. Kabar ta yanke ni a yatsa tun kafin in yi layi ɗaya.

"Gero sai an yi ruwa," in ji ta. "Wannan ko ba ruwa tana nan. Da ka sare ta, me jikokina za su ci yau?"

Tun ranar, in na ga abin da ban gane ba a gonar wani, zama nake yi in tambaya har sai an gaya mini dalili.