Garkuwar Kakan Inna

Shekarun baya, lokacin da cutar yana ta fara rufe idon mahaifiyata, ta tayar da maganar garkuwar kakanta. Dangi sun daɗe da ba da ita ga tsohon sansanin nan mai ganuwa na wajen Wurno, wanda aka mayar gidan tarihi, ita kuwa rabonta da ganinta tun tana yarinya. Likita a Sakkwato ya ce aikin idon sai an dace. Inna ta ce ba mai taɓa mata ido sai ta gano garkuwar.

Ni dai jira ba halina ba ne. Da sassafe na tasa ta daga Goronyo, muka iske ƙofa da kwaɗo. Wata mai sayar da hura ta ce mai makullin yana fadama, ranar aka sako ruwan dam kuma shi ke da layi. Wai ko wa ya zo, sai albasa ta sha.

Na zaunar da Inna a inuwar ganuwa, na bi shi gona. Na iske tsoho cikin laka har ƙwauri. Na gaishe shi a gurguje, na faɗi abin da ya kawo mu.

Ya ce, "Ɗiyata, ruwan ga ba shi jirana. Garkuwa kau mi za ya same ta?"

Na ce, "Baba, idon Inna ma ba shi jira."

Na tuɓe takalmi, na tattare zane, na ɗauki fartanyarsa ta biyu. Yana buɗe wa ruwa hanya a fangali, ni ina toshe na baya. Na zame na zauna daɓas a laka, ya yi ta dariya, wai bai taɓa ganin mai yi wa ruwa faɗa ba sai ni. Kafin azahar muka gama, ya zo ya buɗe mana ƙofa.

Ashe ɗakin kayan yaƙin duhu ne, tagoginsa 'yan mitsi-mitsi, na leƙen abokan gaba. Inna ta tsaya gaban bango ta ce ba ta ganin komai. Tsohon ya sauke garkuwar, ya fito da ita fili cikin rana. Ta kai fuskarta dab da fatar, ta daɗe a haka.

Ta ce, "Ita ta, garkuwar kakana. Ga inda mashi ya huda, ga ɗinkin da matatai ta yi."

A mota ta ce in gaya wa likita ta shirya. Aka yi aikin, ido ɗaya ya buɗe, da shi take tsince mana shinkafa har yau.

Duk mai niyyar zuwa, ya fara tambaya ko ranar ban-ruwa ce. Ya je rana na sama, ya riƙe ruwan sha, ya sa takalmi mai sauƙin tuɓewa. Ya kuma tafi da tsohonsa tun yana iya nuna masa abin da ke nasu a bangon.